Yadda Za Ka Hau Tsaunin Ƙanƙara a Treichville Ba Tare da Ka Bar Ƙasa Ba

Kai mai son shirya fim ɗin hawan tsauni, irin mai igiya da ƙanƙara da mugu zaune a ƙololuwa, matso kusa. Ba ka da tsauni? Ba komai. Ba ka taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firji? Kai nake nema. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci za ka gama fim ɗinka ba ka karye ba, kuma ranar da aka nuna shi sai an samu wanda ya firgita har ya miƙe tsaye ya yi ihu. Mutum nawa ne, wannan ban yi maka alkawari ba.

Ban yi karatu mai nisa ba, fim kuma ban taɓa shiryawa ba. Amma ni na dafa wa masu fim ɗin abinci, ni na wanke rigunan, ni na share ƙanƙarar. Mai fim ɗin maigidana ne, marigayi, wanda duk unguwar Adjamé a nan Abidjan ta sani da Zakari Mai Firji. Ni dai Baban Huda nake ce masa, da sunan 'yarmu. Tun da aka kawo ni gidansa sunansa bai fita daga bakina a gaban mutane ba. Nan ma rubutawa na yi, ban faɗa ba.

Mataki na 1: Ka zama mutumin da kowa ke yi wa dariya

In ana ganin girmanka a unguwa, rufe nan ka je ka yi wani abu. Wannan sana'a ba taka ba ce.

Baban Huda tsofaffin firji yake sayarwa a Bromakoté, cikin Adjamé. Allah ya yi shi da wata irin fuska wadda ko ta'aziyya ya je yi, sai ka ga wani ya juya baya kafaɗunsa na rawa. In ya yi fushi abin ya fi muni. Ya taɓa kama ɓarawo a shago, ya daka masa tsawa, ɓarawon ya zauna a ƙasa yana dariya har aka zo aka tafi da shi.

Akwai talabijin a shagon, a nan yake kallon Turawa suna lilo a jikin duwatsu. Ran nan ya dawo gida, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Maman Huda, fim zan yi."

Na ce, "Na barkwanci?"

Ya ce, "Kin gani ko? Har ke. Na tsoro zan yi. Sunansa Tsaunin Ba-Dawowa. So nake sau ɗaya a rayuwata a dube ni numfashi ya ɗauke. Ko mutum ɗaya ne ya tsorata saboda ni, wallahi ya ishe ni."

Na ce Allah ya taimaka. Na shiga ɗaki na cusa mayafi a baki.

Mataki na 2: Ka tafi neman tsauni, kada ka samu

Abidjan ruwa ne da gadoji da cunkoson mota. Duk da haka ka fita nema, don kada a ce ba ka yi ƙoƙari ba.

Ka tafi da mai ɗaukar hoto. Namu Nu'uman ne, mai gyaran waya a Adjamé, haifaffen nan, Hausarsa rabi Faransanci. Suka hau woro-woro, tasin haya, suka je Williamsville, inda aka ce akwai tudu. Tudun duk gidaje ne. Sai suka samu wani bene da ba a gama ginawa ba, suka roƙi mai gadi.

A nan ne za ka tuna cewa kana tsoron bisa. Baban Huda ko gada za a haye a gbaka, motar haya ke nan, rufe ido yake yi har sai an sauka. Ya hau hawa na farko, ya leƙa ƙasa, ya zauna daɓas ya rungume ginshiƙi. Sai da leburori suka sauko da shi kamar buhun siminti, idonsa a rufe, yana ta salati.

Nu'uman ya dube shi ya ce, "Tonton, ya fohi, babu matsala. Tunda ba za ka hau tsauni ba, sai mu kwantar da montagne ɗin."

Ya karkata wayarsa gefe ɗaya, ya ɗauki ƙasa, ya nuna masa. Ƙasa ta miƙe tsaye kamar bango.

Ka riƙe wannan: babu tsauni a duniya sai ƙasar da aka ɗauka a karkace. Tsakar gidanmu na haya a unguwar Biafra ta Treichville simintinta duk ya tsattsage. Shi ne tsauninmu. Ƙofar zaure ita ce ƙasan rami, bakin famfo shi ne ƙololuwa. Aikinka kawai ka kwanta rub da ciki ka ja jiki kana nishi.

Mataki na 3: Ka samo ƙanƙara

Kada ka kankaro ta daga firji a Adjamé ka ce za ka kai ta Treichville. An gwada. Bokiti biyu suka shiga gbaka da ƙanƙara, suka sauka da ruwa, rabinsa kuma a zanen wata mata wadda ta zage su da yare uku.

Ka nemi mai garba. Garba dai ka sani, acekke ne da soyayyen kifi, acekke kuwa garin rogo ne turarre, fari, mai warwara. Jabiru mai garba na bakin titinmu shi ya kawo shawara. Ya tsaya a gaban fanka da faifai yana kaɗawa, iska na kwasa tana watsa wa jarumi a fuska. A waya, wallahi, sai ka ja bargo.

Sai dai ka ja masa kunne ya kawo wanda ba a haɗa ba. Ranar da ciniki ya yi masa yawa ya ɗebo daga tiren da ya riga ya sha mai da yaji. Akwai wuri a fim ɗin da guguwa ta taso, jarumi yana kuka da hawaye na gaske, ga yankan albasa maƙale a gemunsa. Nu'uman ya ce a sake. Baban Huda ya ce a bar shi, bai taɓa yin kuka mai kyau haka ba.

Ƙanƙarar nan tana da aibi ɗaya: kaji na son ta. Za mu dawo kan kaji.

Mataki na 4: Ka sa kayan sanyi

Ka je wurin masu gwanjo ka zaɓi riga mai auduga wadda ta fi kowacce kauri, da hular ulu, da safar hannu, da takalmin roba na masu wankin mota. Ka sa su duka da rana tsaka, a garin da ko singileti nauyi take yi.

Igiya ta shanyar gida ta isa, amma ka tambayi matan gida tukuna, kuma ka cire abin maƙale kaya. Gatarin sarar ƙanƙara kuwa, ƙugiyar mahauta ita ce daidai. In an mayar kafin la'asar ba sa magana.

Kalmarka ta farko a fim ita ce, "Sanyi zai kashe ni." Ka faɗe ta da sauri kafin gumi ya shiga bakinka. Da yake an karkata waya, gumin Baban Huda ba ƙasa yake zuba ba, gefe yake tafiya, ya shige cikin dutse. Nu'uman ya ce iskar can sama haka take.

Mataki na 5: Ka roƙi maƙwabta, amma kada ka sa rai

Gidan haya ne. Ƙofa goma, famfo ɗaya, kuma famfon a kan ƙololuwar tsauninka yake.

Iya Kande, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, ta ce ta ji ta yarda, ba za ta fito ba sai an ce "Kupe," wato a tsaya. Ana cikin ɗaukar wurin da ya fi ko'ina haɗari, jarumi na lilo da hannu ɗaya, sai ga ta da baho a ka. Ta tsallake shi. A cikin fim za ka ga tsohuwa ta fito daga jikin dutse a kwance, tana tafiya a kan iska, baho bai zube ba.

Nu'uman ya yi ihu, "Iya! Ça tourne! Muna ɗauka!"

Ta ce, "Ku ɗauka mana, na riƙe muku hannu? Kai kuma Mai Firji, tashi daga hanya, babba da kai kana birgima a ƙasa da rigar Turawa."

Ya ce daga kwance, "Iya, faɗowa zan yi."

Ta ce, "Ka faɗo ina? Ka riga ka iso."

Kajin ma nata ne. Akwai wata ja mai wuyan tsiraici, ita ce ta fi kowa fitowa a fim ɗin. Jarumi na ja da ƙugiya, yana nishi, yana ambaton iyayensa, sai ta zo daga ƙasan rami ta wuce shi a guje, ba igiya ba safar hannu, ta riga shi kai wa ƙololuwa, ta tsaya tana cin ƙanƙara.

Game da sauti, ka haƙura. A saman Tsaunin Ba-Dawowa, inda ɗan Adam bai taɓa takawa ba, ana jin yaran mota suna kiran "Adjamé! Adjamé!" da mai tallan gawayi da rediyon tela. Ka ce aljanun dutse ne.

Mataki na 6: Ka zaɓi mugu da ido, kada ka yi tunani

Mugu shi ne ya sace akwati ya gudu da shi ƙololuwa. Me ke cikin akwatin? Ba a taɓa yanke shawara ba. Akwatin lefena ne dai, kuma tsofaffin zannuwana na ciki.

Mugu sai mai kwarjini. Baban Huda ya duba Treichville kaf, ya ga babu fuskar da ke tsinka masa zuciya kamar ta mahaifina, Alhaji Rabilu, mai shigo da takalma. Baba dogo ne, baƙi, ba ya dariya. Ni da ya haifa ban san launin haƙoransa ba.

Suruki ba ya tunkarar suruki da irin wannan magana, don haka ni aka aika. Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Mugun yana magana da yawa?"

Na ce, "A'a, Baba. Zama kawai yake yi yana harara."

Ya ce, "To ai abin da nake yi ke nan a shago. Gaya masa zan zo."

Amma ya kafa sharaɗi: ba zai kwanta a ƙasa ba, ba zai cire babbar riga ba, ba zai ajiye carbi ba. Aka kawo masa kujerar roba aka ajiye a bakin famfo. Saboda haka a cikin fim mugun yana zaune ne a jikin dutse a gicciye, kamar ƙusa a bango, akwati a cinya, hularsa ko motsi.

Mataki na 7: Ka yi faɗan ƙarshe

Tsarin mai sauƙi ne. Jarumi ya iso ƙololuwa, ya ci kwalar mugu, ya ce masa "Yau kwananka ya ƙare," ya wurga shi rami.

Nu'uman ya ce, "Aksiyon!" Jabiru ya saki ƙanƙara. Baban Huda ya jawo ciki har gaban kujera. Da ya ɗaga kai ya ga wanda ke zaune, sai ya ajiye ƙugiya, ya cire takalman roba ya jera su a jikin dutse, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai.

"Barka da hutawa, Baba."

"Barka kadai, Malam. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya sanyi?"

"Da godiya, Baba."

"Kupe!" in ji Nu'uman. "Tonton, c'est l'ennemi! Abokin gaba ne fa! Shi ya sace valise, akwatin nan!"

Baban Huda ya ce, "Kai, ka taɓa aure?"

"A'a."

"To yi mini shiru."

Aka sake. Ya gaishe shi. Aka sake, ya gaishe shi har da tambayar mutanen gida. Baba ya gaji ya ce, "Malam, shaƙe ni mana a wuce wurin, azahar na matsowa." Baban Huda ya miƙa hannu har ya kai wuyan rigar. Muka riƙe numfashi. Sai ya gyara masa kwalar, ya kaɗe masa acekke daga kafaɗa.

In ka kai nan, kada ka ɓata rana. Mutum ba ya wurga uban matarsa rami, ko ramin ƙofar zaure ne. Ka canja labari. Tunda dole wani ya faɗo, kai ne.

Aka ba Baba almakashina ya yanke igiya. An ce ya yi wata muguwar magana kafin ya yanke. Ya yi tunani ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ƙyas. Jabiru ya kama ƙafafun jarumi daga inda waya ba ta gani, ya ja shi a kan kwali tun daga famfo har zaure. Baban Huda ya miƙo hannu ɗaya yana tafiya, yana ƙanƙancewa.

Da yamma ina shafa masa man zafi a gwiwa, ya ce, "Maman Huda, wannan wurin zai kama mutum. Ki sa ido ranar nunawa, ki ga wanda zai fara tsorata. Ni a gaba zan zauna, ba zan gani ba."

Na ce to.

Mataki na 8: Ka tsaya ka ga fim ɗinka

Wannan matakin shi ne Baban Huda ya tsallake, kuma ina roƙonka kada ka yi koyi da shi.

Nu'uman yana kan haɗa hotunan. Wata safiya a shago, Baban Huda yana nuna wa wata mata firji, sai ya ce kansa na juyawa. Ya zauna a ƙasa ya jingina da firjin. Kafin a kai shi asibiti an gama. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tsoron faɗowa, daga zaune ya tafi.

Mutane suka cika gida. Hausawa na cewa Allah ya ji ƙansa, maƙwabta na cewa yako, sannunsu ta ta'aziyya. Ba wanda ya yi dariya, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Rigar audugar tana rataye a bayan ƙofa. Na sa hannu a aljihunta na tarar da busasshen acekke. Ban zubar ba.

Ba ni da wata dabara a wannan mataki. Mu wuce.

Mataki na 9: Ka bari a nuna

Da na fita takaba Nu'uman ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce, "Tanti, fim ya gama. Amma na kalla. In nuna ko in goge?"

Na gane abin da yake nufi. Sun yi masa dariya yana raye, yanzu kuma in tara su su yi masa yana kabari? In kuma aka goge, mutum ɗayan da ya roƙa ba zai taɓa samuwa ba. Na kai wa Baba maganar. Ya ce, "A nuna. Wanda ya yi dariya, ni da shi."

Bayan la'asar aka kafa rumfa a tsakar gida, a kan tsaunin kansa, aka ɗauko talabijin ɗin shago. Biafra ta zo, 'yan Bromakoté suka hayo gada. Baba ya zauna a kujerar robar nan yana fuskantar jama'a rabi, talabijin rabi. Ni na zauna a baya inda zan ga kowa, kamar yadda aka ce in yi.

Ban taɓa ganin mutane cikin azaba irin ta ranar ba. Da gumi ya tafi gefe, tela ya ciji hularsa. Da albasa ta bayyana, Jabiru ya sunkuya kamar yana neman wani abu a ƙasa, bai ƙara ɗagowa ba. Da Iya Kande ta ga kanta tana tafiya a kan iska, ta ce, "La ilaha, wace ce wannan mayyar?" Huda ta toshe baki ta ruga ɗaki. Jar kaza ta wuce jarumi. Wani ya yi wani sauti ta hanci ya mayar da shi tari. Na duba fuska ɗaya bayan ɗaya. Babu mai tsoro, sai dai tsoron Baba.

Sai aka zo gaisuwa. "Ya sanyi?" "Da godiya, Baba."

Muka ji wata ƙara kamar tsohon janareto na son tashi. Baba ne. Carbi ya faɗi, hula ta goce, ga haƙora farare tas. Shi ke nan rumfa ta ɓarke. Maza na dukan cinya, mata na riƙe da juna. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, na yi har cikina ya ƙulle, irin wadda ban yi ba tun ranar da ya zauna a shago bai tashi ba.

Ana cikin haka almakashi ya ce ƙyas.

Na san kwali ne. Na san Jabiru ne ke ja. Simintin nan ni na share shi da safe. Amma ga shi nan yana tafiya, hannunsa a miƙe, idonsa a kaina, yana ƙanƙancewa, kuma ba wanda ya kama shi. Ban san na miƙe ba. Sai dai na ji murya ta cika gidan:

"Zakari! Riƙe!"

Tsit. Ga ni tsaye, mayafi a ƙasa, na kira sunan mijina da ƙarfi a gaban ubana da duk unguwa.

Baba ya goge ido da hannun riga. Ya daɗe yana kallon talabijin, inda babu kowa sai siminti da acekke na sauka. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai ba da saƙo, "To, Malam. An samu mutum ɗaya."

Iya Kande ta ja ni ta zaunar kusa da ita, ta riƙe hannuna gam. Can ta fyace hanci ta ce, "Kai mai waya, mayar mana wurin kazata."

Aka mayar.

Sanarwa

Na cika alkawarin da na yi maka a farko, saura kuma ba ruwana. In gwiwarka ta saɓule, in mahauci ya biyo ƙugiyarsa, in matan gida suka tarar da wankinsu a ƙasa, in yaji ya shiga idonka, in surukinka ya gano yana da dariya ya ƙi dainawa, kada ka zo ƙofata. Kaza ba tawa ba ce, ka nemi Iya Kande. In kuma ka tsallake mataki na takwas, ban yafe ba.

Wanda ke son ganin tsaunin, yana nan a Biafra, daga zaure zuwa famfo. Ni nake share shi kowace safiya. Ka cire takalmi kafin ka hau.